Yadda Ake Gane Zafin Madabod a Kuma Sauke Shi a Kwamfutar Tebur

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, kafin ruwa ya zauna, kwamfutar tebur tana jin jiki a Abuja. Hunturu ya gama ɗura mata ƙura, bazara ta zo ta same ta a toshe, ga rana tana kai digiri 35 ko fiye. Mai shagon ɗab'i a Area 10, da mai cibiyar jarabawa a Kubwa, da mai ɗan ofis ƙarƙashin rufin kwano a Nyanya, duk sun san alamun: fanka ta kama ƙugi, aiki ya yi nauyi, ana tsaka da aiki kwamfuta ta ɗauke ɗif ba tare da an ɗauke wuta ba. Sai a saka manhajar duba zafi, a hango wata lamba da ta haura 100, hankali ya tashi, a yanke hukunci cewa madabod, wato babban faifan da duk sassan kwamfuta ke jone a jikinsa, ya ƙone.

Sau da yawa bai ƙone ba. Kafin ka kashe ko sisi, sai ka san wace lamba kake kallo, domin madabod ba shi da zafi guda ɗaya. Faifai ne mai faɗi, kowane yanki da nasa zafin, kuma abin da ya zama haɗari ga wani yankin, lafiya lau ne ga wani.

Wuraren da zafi ke taruwa

Ka buɗe murfin gefe ka duba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, tana ƙarƙashin babbar fanka. A gefenta na hagu da samanta za ka ga jerin wasu 'yan tubala masu ruwan toka, kusa da su akwai ƙananan baƙaƙen abubuwa masu faɗi, wani lokaci an rufe su da ƙarfe mai tsaga-tsaga. Wannan yankin shi ne VRM. Aikinsa ya karɓi wuta mai ƙarfin bolt 12 daga fawa fak, wato akwatin da wayar wutar bango ke shiga, ya sauke ta zuwa bolt ɗaya da 'yan kai, wanda furosesa ke iya sha. Lissafin ba wuya: furosesar da ke jan wat 125 a kan bolt 1.25, amfiya 100 ke ratsa waɗannan 'yan abubuwan. Shi ya sa in ana aiki mai nauyi, galibi nan ne ya fi ko'ina zafi a jikin bod ɗin.

Can ƙasa ta dama akwai cifset, shi ma da ɗan ƙarfensa a kai, wanda ke kula da ramukan USB da faifan ajiya da sauransu. Shi zafinsa ba ya hawa da sauka sosai, kusan a wuri ɗaya yake tsayawa. Sai kuma wani ma'auni da aka dasa a jikin faifan kansa, mai nuna zafin iskar cikin akwatin, wanda manhaja ke rubutawa da System ko Motherboard. In kana da faifan ajiya na NVMe, wannan siririn da ake kwantarwa a jikin bod, shi ma da nasa.

Ga abin da za ka riƙe a ka. Ma'aunin System, daga digiri 30 zuwa 45 ba abin damuwa ba ne a yanayinmu. In ya wuce 50, iska ba ta fita daga akwatin. Cifset yana zama lafiya a 45 zuwa 70. VRM an gina shi ya jure sama da digiri 100, amma in yana wuce 90 a aikin yau da kullum, lokaci ya yi da za a taimaka masa. Furosesar Intel galibi tana rage gudu da kanta a wajen digiri 100, da yawa daga cikin na AMD Ryzen kuma a 90 zuwa 95. Yawancin faifan NVMe iyakar da masu ƙera su suka rubuta ita ce 70. Kenan in ka ga 75 a VRM, ka ci gaba da aikinka. In ka ga 75 a System, ka kashe kwamfutar yanzu.

Wani zai ce tunda kwamfuta tana kare kanta, me ya sa za a damu? Saboda kafasita. Waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaye a jikin bod da cikin fawa fak, musamman masu ruwa a ciki, akwai ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita a kansu: duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsu biyu. Zafi bai cika kashe madabod rana ɗaya ba, a hankali yake cinye shi.

Mataki na farko: ka auna, ka rubuta

Fara da BIOS, wato shafin saitin bod da ake shiga kafin Windows ta tashi. Kana kunna kwamfuta ka dinga danna Del ko F2. A HP F10 ne, a Dell F2, a Lenovo F1. Nemi shafin da aka rubuta Hardware Monitor ko PC Health. Lambobin nan su ne mafi aminci wajen sanin sunan kowane ma'auni, sai dai ba sa nuna maka abin da ke faruwa lokacin aiki. Kuma yawancin tokumbo na ofis, irin su OptiPlex na Dell da EliteDesk na HP da ThinkCentre na Lenovo, ba su cika nuna komai a nan ba.

Saboda haka ka sauke HWiNFO daga shafin masu ita, kyauta ce ga mai amfanin kansa. Da ka buɗe, zaɓi Sensors-only. Gangara har ka ga sashen da ke ɗauke da sunan bod ɗinka, galibi haɗe da sunan Nuvoton ko ITE, kamfanonin da ke yin ɗan cif ɗin da ke karanta ma'aunan. Kowane layi yana da lambar yanzu, da mafi ƙanƙanta, da mafi girma, da matsakaiciya. Mafi girma ita ce abin nemanka.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Cif ɗin yana da ƙafafun karanta zafi fiye da ma'aunan da aka haɗa masa. Ƙafar da ba a haɗa da komai ba, lambar banza take bayarwa. Za ka ga AUXTIN ko TMPIN yana nuna 115 ko 127, wani ma ƙasa da sifili. Gane na ƙarya ba wuya: ma'aunin gaskiya yana motsi, yana hawa in aiki ya yi nauyi, ya sauka in an huta. Wanda ya kafe a lamba ɗaya daga safe har dare, ko yake tsalle daga 20 zuwa 120 cikin daƙiƙa guda, ka share shi. Hanya ta biyu, ka bar kwamfutar ta kwana a kashe, da safe ka kunna ka duba nan take. Duk ma'aunin bod na gaskiya zai fara ne kusa da zafin ɗakin. Wanda ya tashi da 110 da sassafe, ƙarya yake.

Yanzu ka ɗauki biro. Rubuta zafin ɗakin, ko da da ƙaramin ma'aunin bango ne. Bar kwamfutar minti goma ba ta komai, ka rubuta lambobin. Sannan ka ɗora mata aikin da ta saba yi mafi nauyi, ko haɗa bidiyo ne, ko babban zane a CorelDRAW, ko wasa. In babu, manhajojin gwaji irin su Cinebench ko OCCT za su matse ta. Minti goma sha biyar ya isa, idonka na kan lambobin, in furosesa ta manne a iyakarta ko ka ji ƙauri, ka tsayar. Rubuta mafi girman kowanne.

Zafin ɗakin nan ba ado ba ne. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan shi zai ƙaru a cikin akwati. Kwamfuta iri ɗaya, ɗaya a Jos kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, ɗaya a Gwagwalada da azahar, dole lambobinsu su bambanta, kuma babu wadda ta lalace. Haka lambobin da kake gani a bidiyon Turawa, a ɗaki mai digiri 21 ko 22 aka auna su. Kada ka tayar da hankalinka don taka ta fi tasu da digiri goma.

Mataki na biyu: gwajin murfi

Wannan gwajin minti ashirin ne, amma yana raba gardama. Cire murfin gefe, ka kawo fankar tebur ka saita ta tana hura cikin akwatin, ka maimaita aikin nan mai nauyi. In System da VRM da cifset suka faɗo da digiri takwas, goma ko fiye, matsalarka iska ce: ba ta shiga, ko ba ta fita. In sauran sun sauka amma furosesa ta ƙi, to matsalar tana tsakaninta da abin sanyaya ta, ko ƙura ko bushewar man da ake shafawa tsakaninsu. In babu abin da ya motsa kuma lambobin suna sama, sai a duba saitin wuta a BIOS ko lafiyar bod ɗin kansa.

Gwaji ne kawai. Na san shaguna da yawa haka suke barin kwamfuta tsirara shekara da shekaru, amma buɗaɗɗen akwati gayyata ce ga ƙura da kyankyasai da tsaka, kuma tsaka ɗaya ta kwanta a bayan bod ta isa ta haɗa wuta.

Mataki na uku: ina ka ajiye ta?

Teburan kwamfuta na da, masu ɗan kabad a gefe da ƙofa, sun cuci kwamfutoci da yawa. Iskar da ta fito ta baya ba ta da wurin zuwa, sai ta zagayo gaba a sake shaƙar ta. Fito da ita. Ka bar aƙalla taƙi ɗaya tsakanin bayanta da bango. Ɗaga ta daga ƙasa, musamman in akwai kafet, don ƙurar ɗaki a ƙasa take kwanciya, kuma akwatunan zamani ta ƙasa fawa fak ɗinsu ke shan iska. Kada a jingina mata UPS ko inbata, su ma zafi suke fitarwa. Kyallen da ake lulluɓa mata saboda ƙura yana da kyau in tana kashe. Kafin a kunna a yaye shi gaba ɗaya, ba a ɗage gaba kawai ba. Fayil-fayil da ake tarawa a samanta, in akwai ramukan iska a wurin, a kwashe.

Mataki na huɗu: ƙura

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ake yawan yin gyaran gangar Auzinawa.

Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita. Zare sauran wayoyin, amma ka ɗauki hoton bayanta da cikinta da wayarka tukuna. Fitar da ita waje inuwa, ka sa takunkumi. Kafin ka taɓa komai a ciki, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka, ka riƙa maimaitawa. Lokacin hunturu iska a bushe take, jiki yana tara wutar nan da ke yi maka tsit in ka taɓa ƙofar mota, kuma wadda ba ka ji ba ma tana iya lalata cif. Kada ka yi aikin a kan kafet ko da rigar sanyi ta roba a jikinka.

Kayan aikin: bulowa ta hannu mai wuta, buroshin fenti mai laushi sabo, sukundireba mai kan tauraro, da tsumma mai tsabta. Bulowa tana samuwa a Banex da ke Wuse 2 da sauran wuraren sayar da kayan kwamfuta, kuma ga mai kwamfuta fiye da biyu, ta fi gwangwanin iska riba nesa ba kusa ba.

Abu biyu ne ba a yi. Kada ka kai ta wurin mai faci ya hura mata iskar taya. Tankin nan yana tara ruwa, wani lokaci har da mai, ga ƙarfin iskar ya wuce kima. Za ka dawo da bod mai danshi, wataƙila wani ɗan abu ya fita daga jikinsa ba ka sani ba. Na biyu, kada ka bar fanka tana juyawa da iskar bulowa. Yara suna son ƙarar, amma juyin ya wuce abin da aka gina ta a kai, yana cinye mata ciki, kuma fankar da aka juya da ƙarfi tana haifar da wuta ta mayar cikin bod. Dafe fiffiken da yatsa ko ka soka tsinke ya tare shi, sannan ka hura.

Hura daga nesa kaɗan, a gajarce a gajarce, daga ciki zuwa waje. Ƙurar da ido ke gani a ƙasan akwati ba ita ce mai laifi ba. Mai laifin tana ɓoye tsakanin fankar furosesa da ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Haska tocila ta tsakanin fiffiken ka gani: a kwamfutar da ta yi hunturu biyu ba a buɗe ba, za ka tarar ƙura da zare da gashi sun dunƙule sun zama kamar bargo, ja-ja irin ƙasar Abuja, sun rufe tsagogin ƙarfen ruf. Fanka tana ta gudu a sama, iska ko kaɗan ba ta ratsawa. Bulowa kaɗai ba ta cika ɗaga wannan ba. In fankar tana kwancewa daban, kwance ta, ka ɗaga dunƙulen da tsinke, zai taso a haɗe, sannan ka bi tsagogin da buroshi ka hura.

Bi ƙarfen VRM da na cifset da buroshi a hankali. Share fiffiken kowace fanka, gaba da baya. Katin hoto, wato faifan da ke sarrafa hoton da ke fita a allo, in akwai, shi ma haka. Ragar gaba da ta ƙasa, in suna cirewa, wanke su da ruwa ka bar su su bushe ƙarau. Fawa fak kuwa, hura ta ramukansa daga waje kawai. Kada ka kwance shi. Akwai manyan kafasita a ciki da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya.

A Abuja, sharewa sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sau ɗaya a ƙarshensa kafin zafi ya kankama, sannan sau ɗaya bayan damina, ya wadatar da yawancin ofisoshi. Shagon da ke bakin titi mara kwalta, ko kusa da inda ake gini, sai ya ƙara.

Mayar da komai, kunna, ka sake aunawa. Da yawa a nan aikinsu ke ƙarewa.

Mataki na biyar: fankoki da hanyar iska

Da murfi a buɗe, kunna ka kalli kowace fanka. Wadda ba ta tashi sai an tura ta da yatsa, ko take gurnani, ko take rawa, ta gama aiki. Ɗigon man keken ɗinki ƙarƙashin takardar bayanta yana iya ja mata 'yan makonni, amma canji ne maganinta. Auna faɗinta kafin ka tafi kasuwa: milimita 80, 92, 120 ko 140. Duba bakin wayarta kuma. Mai ƙafa huɗu bod yana iya sarrafa gudunta daidai, mai ƙafa uku ma tana shiga ramin huɗu. Wasu tokumbo, musamman tsofaffin Dell, bakin fankarsu na daban ne mai ƙafa biyar, don haka ka tafi da tsohuwar a hannu.

Tsarin iska ɗaya ne: ta shiga ta gaba ko ta ƙasa, ta ratsa bod, ta fita ta baya ko ta sama. Abin mamaki shi ne yawan kwamfutocin da aka haɗa a kasuwa da fanka a juye. Ga yadda ake ganewa: gefen da ke da sandunan roba da suka riƙe injin fankar, ta nan iska ke fita. Wasu suna da 'yar kibiya a gefe. In kana shakka, kusantar da yankin takarda mai laushi, ka ga ko za a ja ta ko a ture ta.

In fanka ɗaya tak za ka iya saya, sa ta a baya tana fitarwa, daidai kusa da VRM. Ta biyu a gaba tana shigarwa. Ni a garin ƙura na fi son masu shigarwa su ɗan fi masu fitarwa yawa, misali biyu a gaba da raga, ɗaya a baya. Haka iskar cikin akwati za ta riƙa turowa waje ta kowace kafa, maimakon ta zuƙo ƙura ta ramukan da ba su da raga. Akwatunan ƙawa masu gilashi a gaba da fitilu kala-kala, da yawansu gaban a toshe yake, fanka uku suna fama da 'yar siririyar kafa. In za ka sayi akwati a ƙasar nan, nemi mai raga a gaba.

Tattara wayoyin da suka yi cunkus a tsakiya ka ɗaure su gefe. Sannan a BIOS, a shafin fankoki, canja su daga Silent zuwa Standard ko Performance, ko ka ja layin yadda za su kai ƙarshen gudu in furosesa ta kai digiri 75. A wasu HP akwai wurin ƙara mafi ƙarancin gudun fanka, a OptiPlex kuma akwai Fan Control Override da ke sakin ta gaba ɗaya. Za a yi ƙara, amma a shagon da janareta ke aiki a ƙofa, wa zai ji?

Mataki na shida: in VRM ko cifset ne kaɗai ke zafi

Akwai wani abu da ke ba masu sabbin kwamfutoci mamaki. Mutum ya cire ƙaramar fankar da ta zo da furosesa, ya sa doguwa mai tsaye ko mai ruwa, furosesa ta yi sanyi, amma VRM ya ƙara zafi. Dalili shi ne tsohuwar fankar ƙasa take hurawa, iskarta tana bazuwa kan VRM. Sabuwar ta ɗauke wannan iskar. Maganin, fanka a sama ko a baya kusa da wurin, ko ƙaramar fanka da za a ɗaure tana kallon VRM kai tsaye. Ko iska kaɗan ce tana yin tasiri sosai a nan.

Bod mai araha sau da yawa VRM ɗinsa tsirara yake. Ana sayar da ƙananan ƙarafan sanyaya masu gam a baya da ake manna wa baƙaƙen cif ɗin. Ka tabbata ƙarfen bai taɓa ƙafar wani abu ba. In kuma akwai ƙarfe amma yana girgiɗi, ƙusar robar da ta riƙe shi ta saki, ko 'yar katifar da ke ƙarƙashinsa ta bushe ta farfashe. Canja ta da mai kauri iri ɗaya, ko rabin milimita ne, ko ɗaya, ko ɗaya da rabi. In ta yi siriri ba za ta taɓa ba, in ta yi kauri bod zai lanƙwashe. Man furosesa ba ya maye gurbinta.

Cifset kuma yawanci babban katin hoto ne ke zaune a kansa yana feso masa zafi. Fankar gaba ta ƙasa ita ke taimakonsa. Yawancin bod na X570 da AMD ta fitar a 2019 suna da 'yar fanka a kan cifset, ita ma tana toshewa, a duba ta.

Mataki na bakwai: man furosesa

Ban sa shi da wuri ba da gangan, don shi kowa ke fara ambata, alhali ba ya sauke zafin bod kai tsaye. Tsakanin furosesa da ƙarfenta kawai yake aiki. Amma in kwamfuta ta shekara uku ko huɗu, ko tokumbo ce da ba ka san tarihinta ba, kuma furosesa tana kai iyaka bayan an share ƙura, to a canja.

Bar ta ta yi aiki minti kaɗan don tsohon man ya yi laushi, sannan ka kashe ka zare wuta. Sassauta sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan. Murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga. Wannan ya fi muhimmanci a AMD mai soket AM4, inda furosesa kan manne ta fito tare da ƙarfen, ƙafafunta su lanƙwashe. Goge fuskokin biyu da tsumma da sifirit, mai ƙarfin kashi 90 ko fiye in ka samu; na kemis ma yana yi in ka bar shi ya bushe sarai. Ba fetur, ba tina. Ɗiga sabon mai girman ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar da ƙarfen, ka ɗaure a gicciye, matsin zai baza shi. Arctic MX-4 da Noctua NT-H1 sanannu ne kuma ba sa ɗaukar wuta. Makilin da wasu ke shafawa, kwana kaɗan yake bushewa ya zama alli. In sabon abin sanyaya ne, ɓare ledar da ke manne a ƙasansa. Fankar Intel mai ƙusoshin roba huɗu kuma, ka ji kowace ta yi ƙas. In ɗaya ba ta shiga ba, zafi zai haura nan take. Kada ka manta da mayar da wayar a ramin CPU_FAN.

Mataki na takwas: rage wutar da take sha

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe ya nuna maka yawan aikin da furosesa ke yi. In ba ka komai amma furosesa tana kashi 60 ko 90, wani abu yana cin ta a ɓoye. Manhajojin sata da ake loda wa mutane a kasuwa sukan zo da ɓoyayyen mai haƙar kuɗin intanet, ya riƙa ƙona maka wuta yana tara wa wani. Ka bincika da Windows Security, in ta kama a sake lodin Windows mai tsabta.

A BIOS, in wani ya taɓa ƙara mata gudu, zaɓi Load Optimized Defaults. Ka lura da saitin faifan ajiya kafin ka yi, ka ɗauki hotonsa, don in ya canja Windows na iya ƙin tashi. Sannan ka sani, manyan furosesa na yanzu suna shan wuta fiye da abin da ke rubuce a kwali: Core i9-13900K an rubuta mata wat 125, amma tana kai 253 in an sake ta. In aka ɗora irin wannan a kan bod mai araha, VRM ne zai ɗanɗana kuɗarsa. A Intel, nemi PL1 da PL2 a BIOS, wato iyakar wat ɗin da aka ba furosesa ta sha, ka rage su. A Ryzen akwai Eco Mode, mai iya mayar da furosesar wat 105 ta yi aiki a matsayin ta 65. Abin da za ka rasa na gudu kaɗan ne, a aikin ofis ma ba za ka lura ba, kuma batirin inbata zai ƙara jimawa.

Lokacin da aiki ya wuce na gida

Ba duk mutuwar kwamfuta ba ce zafi. In tana ɗaukewa alhali lambobin suna ƙasa, ka zargi fawa fak ko wutar da ke shigowa, musamman lokacin sauyawa daga NEPA zuwa janareta. Fawa fak mara nauyi, mara suna, shi kansa murhu ne a cikin akwati, kuma wutar da yake bayarwa ba ta da tsabta. Tsofaffin da suka zo daga Amurka, wasu suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. A nan 230 ne, in aka kuskure ƙara ɗaya za ka ji.

Haska tocila ka bi kafasitocin bod ɗaya bayan ɗaya. Kan kowanne ya zama a shafe. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko ya fitar da wani abu mai ruwan ƙasa, ya mutu. Duba faifan kusa da VRM, gaba da baya, ko ya canja launi ya yi duhu. Duba bakin wayar nan mai ƙafa huɗu ko takwas da ke shiga saman bod ta hagu. In robar ta yi baƙi ko ta narke, bakin bai zauna daidai ba, kuma yana iya kama wuta. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka daina kunna ta.

In za ka je wurin mai gyara, tafi da takardar da ka rubuta lambobinka. Akwai bambanci tsakanin ka ce “Malam, tana zafi” da ka ce “Malam, VRM yana kai 105 cikin minti goma, na share ƙura, fankoki duk suna aiki.” Na farkon zai iya ƙarewa da “Alhaji, sai dai a canja bod.” Na biyun kuwa ya nuna masa inda zai sa hannu. Kafasita masu kumburi ana canja su da araha in mai gyaran ya iya riƙe ayan ɗin narka dalma, sharaɗin kawai sababbin su zama masu lamba ɗaya da tsofaffin, kuma masu jure digiri 105. In kuma dole sai an canja bod a tokumbo, a karanta lambar da ke jikin tsohon a nemo irinsa sak, domin na HP da Dell da Lenovo galibi bakin wutarsu da na maɓallin gaba ba irin na kasuwa ba ne. Kafin ka biya, a kunna ta a gabanka, a buɗe HWiNFO, a ɗora mata aiki minti goma sha biyar, ka gwada da lambobin da ka zo da su.